Iyaye Sun Tambaya: Zaɓen Makarantar Ƙananan Yara da Kayan da Ya Dace a Saya

Tambaya: Ɗana ya cika shekara 3, kuma makarantun renon yara biyu ne a gabana. Ɗaya tana da gini mai ƙayatarwa da kyamarori a kowane aji, ɗayar ba ta kai ta ƙawa ba, kuɗinta kuma da sauƙi. Da me zan auna su?

Amsa: Malama, ki ziyarci kowacce ba tare da kin sanar da zuwanki ba, da tsakar rana lokacin da yara suka gaji, malamai kuma suka fara ƙosawa, domin a wannan lokacin ne makaranta take nuna ainihin halinta. Abu na farko da za ki yi shi ne ƙidaya: yara nawa ne a ɗaki, manya nawa ne ke tare da su a zahiri, ba a takarda ba. A Ingila, alal misali, ƙa'idar da aka saba bi ita ce babba ɗaya ga yara 3 idan ba su kai shekara 2 ba, da babba ɗaya ga yara 8 idan sun kai shekara 3. Kowace ƙasa da dokarta, amma wannan ya isa ya zama ma'auni, kuma idan kika tarar da mace ɗaya tana fama da yara talatin, to kyamara ba za ta amfana miki komai ba, domin aikinta nuna abin da ya riga ya faru ne, ba ta miƙa hannu ta tare yaron da zai faɗo.

Daga nan ki nemi a nuna miki banɗaki. Ki duba ko akwai ruwa da sabulu a inda hannun yaro zai kai, ki kuma taɓa sabulun da kanki. Idan kika ji shi a bushe har ya tsattsage, kin san ado ne aka ajiye wa baƙi. Ki lura da bokiti ko randar da aka bari a buɗe, domin ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya hallaka ƙaramin yaro idan ya kifa a ciki, kuma abin yakan faru ne shiru, ba kuka ba ihu. Ki tambaya wa yake da izinin ɗaukar yaro idan an tashi, da yadda suke tantance shi.

Tambayar da na fi so iyaye su yi, wadda kuma ba kasafai ake yin ta ba, ita ce yadda makaranta take yi da yaro mara lafiya. Makarantar kirki takan mayar da mai zazzaɓi gida, takan kuma ce mai gudawa ko amai ya zauna har sai ya yi awa 48 da warkewa, ko da iyayensa za su ji haushi. Ki tambaya ko suna duba katin rigakafi kafin su ɗauki yaro. Ƙwayar cutar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 da ba su da rigakafi, kusan 9 sukan kamu idan sun yi cuɗanya da shi. Idan mai sauƙin kuɗin ce ta amsa waɗannan tambayoyi ba tare da kame-kame ba, ki kai ɗanki can da kwanciyar hankali.

Tambaya: Ina so in haɗa akwatin magani a gida saboda 'ya'yana biyu, mai shekara 4 da mai wata 10. Me zan saya, me zan bari?

Amsa: Malam, ka fara da ma'aunin zafin jiki mai lamba, irin wanda ake sakawa a hammata. Tsohon na gilashi mai zaiba a ciki yana fashewa, zaiba kuwa guba ce, shi ya sa ƙasashe da dama suka daina sayar da shi. Na goshi wanda ba ya taɓa jiki yana da daɗin aiki, sai dai gumi da zafin ɗaki sukan ruɗa shi, kuma tsadarsa ba ta ƙara masa gaskiya. Zafin da ya kai digiri 38 zazzaɓi ne. Ga jaririn da bai kai wata 3 ba, wannan kaɗai dalili ne na zuwa asibiti nan take.

Ka ajiye farasitamol na yara tare da sirinjin awon da yake zuwa da shi, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Nauyin yaro ake bi wajen awo, kuma ba a wuce sau 4 cikin awa 24. Kada ka ba yaro asfirin sai da umarnin likita, saboda yana da alaƙa da wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ka ƙara da ƙunshin garin ORS (garin gishiri da sukari da ake dama wa mai gudawa) da ƙwayar zinki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bayar tsawon kwana 10 zuwa 14 idan yaro ya yi gudawa, sai filasta da bandeji. Maganin tari da mura na kanti kuwa ban ga dalilin sayensa ga yaran da suke wannan shekaru ba, domin amfaninsa kaɗan ne, illarsa kuma sananniya ce. Akwatin da kansa ya zama mai makulli, a ɗora shi sama, kada kuma a taɓa ce wa yaro magani alewa ne don a lallashe shi ya sha.

Tambaya: An ba 'yata mai wata 8 kyautar keken koyon tafiya da wasu kayan wasa masu fitila. Shin in yi amfani da su?

Amsa: 'Yar'uwa, keken ki ajiye shi. Ba ya saurin koya wa yaro tafiya, abin da yake yi shi ne ba shi gudu da tsawon da hankalinsa bai kai ba, ya kai shi bakin matakala ko gaban murhu kafin ki waiga. Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya tun 2004. Tabarma mai tsabta a ƙasa ta fi shi amfani.

Kayan masu fitila kuwa, ki juya bayansu ki duba murfin batir. Idan da sukurun da sai an sa abin kwancewa yake rufe, babu laifi. Idan farce kawai zai buɗe shi, ki raba ta da shi yau. Ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo, idan ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2, kuma yaro ba lallai ya nuna wata alama da farko ba. Idan kina zargin ta haɗiye shi, kada ki sa ta amai, ki nufi asibiti kai tsaye. Sauran kayan ki gwada su da kwalin da ake naɗe takardar banɗaki a kansa: duk abin da ya shige ramin kwalin zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, har da idon 'yartsana da zai cire idan kika ja shi da ƙarfi.