Daga wasoso zuwa kufai

Wata ɗaliba da ke karatu a Seoul ta rubuto: "Malam, ƙawata 'yar Koriya tana koyon Turanci, ta gamu da *wreak havoc* a labarin wata guguwa. Na san ɓarna ake nufi, amma na kasa warware mata. Yaya za mu ce da Hausa?"

'Yata, maganar tana da tushe a fagen yaƙi. *Havoc* ta fito daga tsohon Faransanci, kuma da farko ihu ce da ake yi wa mayaƙa bayan an ci gari, a ba su izinin kwasar ganima. A dokokin yaƙi da Sarki Richard na Biyu na Ingila ya kafa a 1385, duk wanda ya yi wannan ihu ba da umarni ba, kansa za a sare. Kin ga ke nan wasoso ne, irin wanda kowa ke ɗiba son ransa. Ita kuwa *wreak* tana nufin saukar da abu a kan wani, kuma ba a furta harafin farko. Ki gargaɗe ta kada ta haɗa ta da *wreck*, wato ragargaza abu. Turawan ma suna rikita su.

Inda abin ya fi burge ni shi ne harshen ƙawar taki. Idan wuri ya lalace, Koriyawa kan ce ya zama *ssukdaebat*, wato fili da ganyen *ssuk* ya cinye. Ganyen nan dangin tazargade ne. Bature ya tsaya kan lokacin da ake ɓarnar, Bakoriye kuwa sai da ƙura ta lafa, ciyawa ta rufe gidajen, sannan ya zo ya duba. Mu muna da duka biyun. Ana cikin yi, mu ce an yi wasoso, ko an yi kaca-kaca da wurin, ko an ɗaiɗaita shi. Bayan an watse, gari ya zama kufai, gida ya zama kango.

Don haka jimlar guguwar nan, ni zan fassara ta da "guguwa ta yi kaca-kaca da garin". Kufai sai mutane sun tashi sun bar wurin tukuna.

Wajen furuci kuma kada ki yi mata dariya. Koriyanci ba shi da sautin v, Hausa ma haka, ku duka biyu da farko b za ku riƙa furtawa a maimakon v ɗin *havoc*.