Hasashen yanayi ya saɓa wa juna: wanne za a riƙe?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce manhajar da ta zo da wayarka ta nuna ruwa gobe da yamma, wadda ka sauke da kanka ta nuna rana tarwai, a rediyo kuma an ce akwai yiwuwar hadari a wasu wurare, shi ne kake tambaya wa ke ƙarya a cikinsu, wa za ka bi. Ni dai ba masanin yanayi ba ne, aikin gini nake kula da shi. Amma duk wanda ya taɓa tara leburori ya fara zuba kankare, sama ta ɓalle kafin siminti ya kama, to ya koyi karatun hasashe ko yana so ko ba ya so.

Abin ya faru da ni shekarun baya. Na duba waya da asuba, ta ce yiwuwar ruwa kashi 20 cikin 100, na ce ai babu ruwa ke nan. Mun kai rabin aiki hadari ya haɗo, aka sheƙe shi kamar da bakin ƙwarya, muna gudu da leda muna rufe abin da ya rufu. Da dare na goge manhajar cikin fushi na sauke wata. Sai da aka kwana biyu na gano cewa tsohuwar da sabuwar daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, guga ne kawai ya bambanta.

Wayarka ba ta auna komai a sama. Cibiyoyin da ke lissafa yanayin duniya gaba ɗaya 'yan kaɗan ne, saboda aikin sai manyan kwamfutoci. Akwai cibiyar Turai, ECMWF, da aka kafa a 1975 mai hedikwata a garin Reading na Ingila. Akwai tsarin GFS na hukumar NOAA ta Amurka, akwai ICON na Jamus, Ingila ma da nata. Yawancin manhajojin da muke saukewa daga wajen waɗannan suke karɓar lissafi, wasu su gauraya biyu ko uku, su yi masa 'yan gyare-gyare, su saka hoton girgije su miƙo mana. Na Amurka kyauta ake ba da shi, shi ya sa ƙananan manhajoji da yawa a kansa suke zaune. Don haka idan ka ga uku sun yi magana ɗaya, kada ka ɗauka shaidu uku ka samu. Mai yiwuwa shaida ɗaya ne ya canza riga sau uku.

To su manyan me ke raba su? Abu na farko mafari. Kafin a lissafa gobe sai an san yadda sama take yanzu: zafi, danshi, matsin iska da inda ta dosa, daga ƙasa har can sama. Ana tattara wannan daga tauraron ɗan'adam, jiragen sama da na ruwa, tashoshin ƙasa, da balan-balan masu na'ura da ake saki sau biyu a rana a ɗaruruwan wurare. Duk da haka akwai giɓi, musamman kan teku da hamada da ƙasashen da tashoshinsu ba su da yawa, kuma kowace cibiya da yadda take cike nata giɓin. Ƙaramin bambanci a nan ba ya zama ƙarami. Wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya ci karo da wannan a 1961: ya sake shigar da lamba a kwamfutarsa, maimakon 0.506127 ya rubuta 0.506 don ya rage wahala, da lissafin ya yi nisa sai ya fito da wani yanayi daban kwata-kwata. Daga irin aikinsa aka fahimci cewa hasashen rana-rana yana da iyaka, wajen mako biyu, komai ƙarfin na'ura. Hasashe ne, ba sanin gaibu ba, kuma su masanan ba su taɓa cewa sun san gaibu ba.

Na biyu, wanda ya fi shafar irin ruwan da kake tambaya a kai, shi ne girman idon raga. Kwamfuta tana yanka sararin sama gida-gida ta lissafa kowane gida. A GFS faɗin gida ɗaya kusan kilomita 13 ne, a ECMWF kusan 9. Hadarin tsawa guda ɗaya kuwa wani lokaci bai kai haka faɗi ba, kuma cikin sa'a ɗaya zai iya haɗuwa, ya zubar, ya watse. Ka ga ƙaramin kifi ne a raga mai manyan idanu. Abin da lissafin ke iya faɗa shi ne yau akwai zafi da danshin da za su haifi hadari a wannan yanki. Amma wace unguwa za ta jiƙe, wacce za ta ji ƙamshin ƙasa kawai, wannan kintace ne, kuma kowane tsari da salon kintacensa. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi, inda mafi yawan ruwa daga irin wannan hadarin yake zuwa, hasashen ruwa ya fi rauni fiye da ƙasashen sanyi da ruwansu ke tafe cikin manyan igiyoyin iska masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda ake hangowa tun kwanaki. Mutumin rediyo da ya ce "a wasu wurare" ba zamewa yake ba, iyakar abin da aka sani ya faɗa maka.

Sauran bambancin kuma na shirya kaya ne. GFS sau huɗu ake gudanar da shi a rana, to wata manhaja tana nuna lissafin daren jiya, wata na safiyar yau. Wata da ta ga yayyafin minti ashirin sai ta liƙa wa ranar gaba ɗaya hoton ruwa, wata ta saka rana tunda mafi yawan yinin a bushe yake. Ka buɗe jadawalin sa'a-sa'a za ka tarar ba su yi nisa da juna ba. An kuma yi bincike a Amurka aka ga wasu masu hasashen kasuwa suna ɗan ɗaga ƙananan alƙaluman ruwa da gangan, don sun san mutumin da ya ɗauki lema a banza ba ya jin haushi kamar wanda ruwa ya doka.

Sai maganar kashi cikin ɗari, inda ni na yi kuskure. Kashi 20 ba ya nufin babu ruwa. Yana nufin in aka samu rana goma masu irin wannan yanayin, a biyu daga ciki ruwa zai sauka inda kake. Bai ce komai ba kan ƙarfinsa ko daɗewarsa. Wannan a milimita ake nuna shi, kuma shi ya kamata mai aikin waje ya fi sa wa ido. Ranar nan manhajar ba ta yi min ƙarya ba, ɗaya daga cikin biyun nan ce ta faɗo a kaina, ni kuma ban tanadi isasshiyar leda ba.

Wanne ya fi? In ana maganar kwana uku zuwa goma, na Turai ne ke yawan zuwa na ɗaya a awon da masana ke yi. Sunansa ya ƙara fitowa a Oktoban 2012, lokacin da ya nuna guguwar Sandy za ta juyo ta afka wa gabar gabashin Amurka kusan mako guda kafin ta sauka a jihar New Jersey, alhali GFS a farko yana tura ta cikin teku. Amma wanda ya fi a jimilla ba kullum yake cin kowace rana ba, na sha ganin ranar da ya faɗi ɗayan ya dace. Su kansu ba sa dogara da lissafi guda: tun 1992 suke gudanar da shi sau da yawa tare da ɗan sauya mafari, ECMWF har sau 51, su ga nawa suka tafi hanya ɗaya. In sun taru, akwai tabbas. In sun watse, babu. Daga nan na koyi daina jin haushin saɓani. Saɓanin da ka gani a wayarka shi ma labari ne, yana gaya maka gobe ba ta tsaya ba tukuna.

Yadda nake yi yanzu, nisa nake fara dubawa. NOAA da kanta ta ce hasashen kwana biyar yana dacewa kusan kashi 90 cikin 100, na kwana bakwai kusan 80, na kwana goma kuwa kusan rabi, kuma ni ban ɗora wa ruwan tsawa ko wannan adadin ba. Duk abin da ya wuce mako ina kallonsa a matsayin alama, ba na sa ranar aiki a kansa. Zafi da iska na fi yarda da su fiye da ruwa. Don kwana biyu zuwa biyar nakan buɗe manhajar Windy, saboda tana bari ka sauya daga ECMWF zuwa GFS zuwa ICON a kan taswira ɗaya. Don sa'o'i biyu ko uku masu zuwa kuwa, hoton tauraron ɗan'adam ko na rada (na'urar da ke hango inda ruwa ke sauka) mai motsi ya fi kowane jadawali, ka haɗa da idonka da yadda iska ta juya. Sai dai ka lura, ba ko'ina ke da rada ba. A wasu wurare abin da manhaja ke kira rada zanen kwamfuta ne. In kuma gargaɗi ne na ambaliya ko guguwa ko tsananin zafi, maganar hukumar yanayi ta ƙasarka ce a gaba, don a can mutane ne ke zaune da lissafin cibiyoyi da yawa da awon tashoshinsu, sun kuma san inda kwamfuta ta saba yin tuntuɓe a yankinsu.

Wani abu da ya yi min amfani: na sami gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula, na yi damina biyu ina rubuta abin da manhajoji uku suka ce da dare da abin da ya sauka washegari. Ɗaya na gano kullum tana cika baki da yayyafin da ba ya zuwa, na sallame ta. Kai ma ka gwada ko na wata ɗaya ne, don wadda ta dace da wurina ba lallai ta dace da naka ba.

Game da gobe, ba ka faɗi abin da za ka yi ba. In abu ne da jiƙewa ba za ta ɓata ba, ka fita abinka. In kuwa irin nawa ne da ruwan rabin sa'a zai jawo asara, ka ɗauki maganar wadda ta ce za a yi ruwa, ka fara da sassafe ka gama kafin azahar tunda da yamma ta nuna, ka ajiye abin rufi kusa, sannan ka sake dubawa da asuba bayan sabon lissafi ya fito.