An ce sai an yi wa 'yata gwajin jinsi kafin ta fita gasa

Barista, barka da aiki. 'Yata mai shekara 19 tana tseren mita 400, har an fara maganar fita da ita gasa ƙasar waje. Sai kocinta ya aiko da takarda wai sai an gwada an tabbatar mace ce. Ni na haife ta, ni na yi mata wankan jego. Tun ranar ko abinci ba ta ci sosai, tana tsoron a ji a unguwa a fara ce mata mata-maza. Za mu iya ƙi?
Wata uwa daga Kaduna

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Ki fara gaya mata ba ita aka ware ba. Daga 1 ga Satumba 2025 hukumar guje-guje ta duniya, World Athletics, ta wajabta wa duk macen da za ta shiga manyan gasanninta gwajin ƙwayar halitta mai suna SRY, wadda galibi a jikin namiji ake samunta. Auduga ake gogawa a cikin kumatu, ko a ɗebi jini, kuma sau ɗaya ne a rayuwa. Babu tuɓe kaya a ciki. Duk wanda ya ce ta kwaɓe ya duba ta da sunan wannan ƙa'ida, ta ɗauki jakarta ta fita.

Tana da ikon ƙi. Tunda ta haura 18, yardar tata ce, ko ke ba za ki sa mata hannu ba, balle koci. Sai dai in ta ƙi, ƙofar waɗannan gasanni ta rufe, kuma da wuya kotun gida ta tilasta wa hukumar, tunda a ƙasar Monako take zaune. In za ta yi, ta yi da wuri: a gasar damben duniya ta Liverpool a 2025 an hana 'yan damben Faransa mata shiga don kawai sakamakonsu bai iso kan lokaci ba.

Inda doka ta fi tsaya muku shi ne sirri, kuma na ga shi ne ya hana yarinyar barci. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na ƙwayar halitta cikin masu tsananin kariya. Kafin ta sa hannu, ta nemi amsa a rubuce: wane ɗakin gwaji ne, wa zai ga sakamakon, a ina za a ajiye shi. Koci ba likita ba ne, ba shi da hurumin gani sai da izininta. In maganar ta fita, ku kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ko ku nemi diyya a Babbar Kotu. Ku adana kowane saƙon WhatsApp.

To in sakamakon ya nuna akwai SRY fa? Wannan bai mayar da 'yarki namiji ba, ina so ki riƙe wannan da kyau. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 an sami mata takwas masu ɗauke da SRY, kuma duka an bar su sun fafata. Akwai matan da jikinsu ba ya amsa sinadarin testosteron, wanda ya fi yawa a jikin maza, ko kaɗan, ƙa'idar yanzu ma ta bar musu ƙofa bayan ƙarin bincike. Abin da nake roƙonku, kada ta yarda da tiyata ko magani don gudun rasa gasa sai ta ga likitan da ku kuka zaɓa. Annet Negesa, 'yar tseren Yuganda, ta ce an yi mata tiyata a 2012 ba a fayyace mata abin da za a cire ba, kuma ba ta sake komawa yadda take a filin wasa ba. Labarinta yana ci mini rai har yau.

Ɗaukaka ƙara kuwa a kotun wasanni ta CAS ake yi, a Lozan ta Suwizalan, galibi cikin kwana 21 da karɓar hukunci. Dutee Chand, 'yar tseren Indiya, ta yi nasara a can a 2015. Caster Semenya, 'yar tseren Afirka ta Kudu, ta sha kaye a 2019, ta yi ta shari'a har Yulin 2025, lokacin da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce ba a saurare ta yadda ya dace ba a Suwizalan, amma ba ta soke ƙa'idar testosteron da Semenya ta ƙalubalanta ba. Hanya ce mai tsawo da cin kuɗi, ko da yake CAS na da tallafin lauya ga marasa hali.

Takardar nan ta koci, kada a sa mata hannu tukuna. Ku ɗauki hotonta gaba da baya, ku kai wa lauya ya karanta tare da yarinyar.