Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ruwan sigarin lantarki da alajin gyaɗa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa ƙanenki jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, har an taɓa kai shi asibiti a kanta, yanzu kuma ya koma sigarin lantarki don ya rabu da taba, kina tsoron ko akwai gyaɗa ko waken soya a ruwan da ake zubawa ciki tunda yana kukan ƙaiƙayin maƙogwaro. Ni ma tun ina yaro gyaɗa ke tayar min da borin jini ta kumbura min leɓe, na kuma yi shekaru ina zuƙar wannan abu kafin Allah Ya raba ni da shi, har haɗa ruwan nake yi da kaina a gida. Tsoronki yana kan hanya.

Ruwan nan abu huɗu ne ginshiƙinsa: gilisarin da ake rubuta wa VG a jikin kwalba, wani sinadari da ake rubuta wa PG, sai nikotin, sai kayan ƙamshi. Yawancin masu alajin abinci kan gilisarin suke fara zargi saboda daga man itatuwa ake samunsa, manja ko man kwakwa ko man waken soya. To amma abin da ke tayar da alajin abinci furotin ne, shi jiki ke ɗauka a matsayin abokin gaba. Gilisarin mai kyau, irin wanda ake haɗa magani da shi, an tace shi sosai har kusan ba a samun furotin a ciki. Muna cin sa kullum ba mu sani ba, a maganin tari da man goge baki da alewa. Don haka in mai kyau ne, shi ne mafi ƙarancin abin tsoro a cikin huɗun. Matsalar ita ce wa zai tabbatar miki mai kyau aka zuba?

Shi kuwa PG ba shi da haɗi da abinci, a masana'anta ake yin sa, galibi daga sinadaran man fetur. Sai dai shi ne ya fi sa mutane su zaci alajinsu ne ya tashi. Yana janye danshi, ya busar da baki da maƙoshi, ya sa tari da ƙishi. Akwai kuma waɗanda fatarsu ba ta shiri da shi da gaske, shi ya sa ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin alajin fata ta zaɓe shi sinadarin alaji na shekarar 2018. Ni da na rage shi na ƙara gilisarin, kaushin maƙogwaron ya ragu sosai. Mai yiwuwa ƙaiƙayin ƙanenki daga nan yake, amma kada ku yanke hukunci a kan "mai yiwuwa" ga wanda gyaɗa ta taɓa kwantarwa a asibiti.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan ƙamshi. Kwalba ɗaya tana iya ɗauke da sinadarai goma ko fiye, amma kalma guda za ki gani a jiki, wai ɗanɗano. Da yawa daga cikinsu na haɗi ne, ba su taɓa kusantar ainihin abincin ba. Ƙamshin soyayyiyar gyaɗa, alal misali, sau da yawa daga wasu sinadarai ake samar da shi waɗanda babu furotin a cikinsu. Amma akwai masu yin nasu da abin da aka tatso daga ainihin 'ya'yan itace ko koko ko dangin gyaɗa, kuma ko da na haɗi ne, ana iya cika kwalabe daban-daban da na'ura ɗaya. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: ruwan da aka ce ɗanɗanon taba ne, ko na kofi, ko na cakulan, a kan sa masa ƙamshin gyaɗa don ya yi armashi, ba tare da an ambata a sunansa ba. Lokacin da nake haɗawa na sha rubuta wa masu sayar da ƙamshin nan ina tambaya. Wasu su turo takarda cewa babu, wasu su ce sirrin sana'a ne, wasu ko amsa babu.

Dokar da ta tilasta rubuta abubuwan alaji a jikin kaya ta abinci ce. Tarayyar Turai ta lissafa guda 14, Amurka guda 9 tun da ta ƙara riɗi a 2023, gyaɗa da waken soya da madara duk suna ciki. Ruwan sigarin lantarki ba a lissafa shi cikin abinci, don haka wannan kariyar ba ta hau kansa ba. Balle waɗanda ke yawo a shagunanmu, na zuƙa a yar, mafi yawansu daga Shenzhen ta ƙasar Sin ake ƙero su, wasu ma jabu ne na wani kamfanin. Yaron shago da zai ce miki "ai ba komai a ciki" shi ma bai sani ba, ba kuma laifinsa ba ne.

Sannan ciki daban, huhu daban. Abin da ba ya cutarwa in an haɗiye yana iya illa in an shaƙa. Sinadarin da ke ba gugguru ƙamshin man shanu ya lalata huhun ma'aikata a wata masana'antar gugguru a jihar Misuri ta Amurka wajen shekarar 2000, kuma a 2015 masu bincike a Jami'ar Habad suka same shi a 39 daga cikin nau'o'i 51 na ruwan sigarin lantarki da suka gwada. Sinadarin ƙamshin kirfa ma sananne ne wajen tayar da alaji a baki da fata. Har wayar da ke ɗumama ruwan, wasu da ƙarfen nikel ake yin su, wanda kan sarƙa ko agogo ke sa wa ƙuraje ya kiyaye.

Yanzu ga wanda na fi jin tsoronsa, kuma shi ne ya taɓa kama ni: karɓa-karɓa. Matasa suna zama majalisa, wannan ya zuƙa ya miƙa wa wancan. Abokinsa ya gama cin tsire da yajin ƙuli, ko kilishi, ko ya sha kunun gyaɗa, ya sa bakin abin a bakinsa. Furotin ɗin gyaɗa yana daɗewa a miyau bayan an ci. Wannan ba zato ba ne, ainihin gyaɗar ce za ta shiga bakin ƙanenki. Ki gaya masa kada ya karɓi na kowa, kada ya ba kowa nasa, komai kunyar ido.

Shawarata ya ajiye wanda yake sha yanzu har ya ga likita, ya tafi da kwalbar ko kwalinta. In barin taba yake nema, akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata, waɗannan magani ne, an rubuta duk abin da ke cikinsu, likita ko masanin magani zai duba masa. In ya ƙi ji ya ce lallai sai na lantarkin, to ya nemi ruwa marar ƙamshi ko kaɗan daga kamfanin da ya yarda ya ba da bayanin kayansa a rubuce. Ya bar masu ɗanɗanon gyaɗa, kek, madara da cakulan gaba ɗaya, kada ya ce bari ya ɗan gwada ya gani.

Ku ma mutanen gida ku san bambancin alamun. Bushewar maƙoshi da ɗan tari abu ne da zai iya jiran likita gobe. Amma kumburin leɓe ko harshe ko fuska, shaƙewar murya, numfashi yana fita da ƙara, borin jini a duk jiki, amai ko jiri, wannan asibiti ne nan take. Piriton ba ya tsayar da irin wannan, allurar adirenalin a cinya ita ce magani, kuma in yana da asma hatsarin ya fi yawa. Ki tambaye shi ko ƙaiƙayin yana zuwa ne da kowane ɗanɗano ko da guda ɗaya, da kuma ko yana haɗuwa da kumburi, likitan zai buƙaci wannan amsar. Allah Ya ba shi lafiya, Ya yaye masa.