Amsa ga ƙanenmu da ke neman kaske mai igiya a Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya: kana son kaske, wato abin jin sauti na sawa a kunne, mai igiya irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, za ka riƙa gyaran sautin wa'azi da hirarraki a kwamfuta, da dare kuma ka ji kiɗa a salularka ta Tecno, sannan wanda kake da shi yanzu yana sa maka ciwon kunne da zufa. Ƴan'uwa sun jero maka sunayen kamfanoni, Allah ya saka musu. Ni da na daɗe ina aikin montaj, wato gyaran sauti, a gidan rediyo, abin da zan ce maka shi ne ka fara da kunnenka da yanayin garin nan, sunan kamfani ya biyo baya. Kasken da ba za ka iya barinsa a ka awa biyu ba a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 ga wuta ta ɗauke ga fanka a tsaye, komai daɗin sautinsa a kan ƙusa zai ƙare.

Ciwon kunnen da kake ji ina kyautata zaton daga soson yake. Da yawa cikin waɗanda ake sayarwa a Babbar Kasuwa da sunan masu rufe kunne, in ka duba da kyau bisa kunnen suke zama, ba kewaye shi suke ba. Ramin soson ƙarami ne, sai ya danne guringuntsin kunne, bayan ɗan lokaci ka ji kamar an murɗe maka shi. Na kirki shi ne wanda kunnenka zai shige ramin duka, soson ya kwanta bisa ƙashin kai, kuma ramin ya yi zurfin da fatar kunne ba za ta taɓa abin da ke fitar da sautin ba. Sa shi a shago, ka buɗe baki ka rufe, ka girgiza kai. In kana sa tabarau, to da tabarau ɗin za ka gwada, domin hannunsa yana hana soson kamawa, iska ta shiga, sautin ƙasa, wato mai kauri irin na babbar ganga, ya ragu, ga kuma matsi a gefen ido. Haka nan mai sa hula kullum ya gwada da hularsa. Nauyi ma abin lura ne: yawancin na aikin situdiyo suna tsakanin giram 200 da 300, abin da ya haura haka sosai wuya ce za ta biya.

Sai maganar abin da aka rufe soson da shi, kuma nan ne mu mutanen Sahel muka bambanta da masu rubuta sharhi daga Turai. Iri biyu ne: fatar roba mai santsi da kuma yadi mai laushi kamar karan-miski. Fatar roba tana tare hayaniya sosai kuma tana ƙara nauyin sautin ƙasa, amma ba ta numfashi. Zufa na taruwa, gishirin zufar ya ci ta, ta fara ɓarewa, ka cire kaske ka ga baƙin ɓarɓashi a kunne da wuyan riga. Wannan yana samun mai tsada da mai araha duka. Na yadi ya fi sanyi nesa ba kusa ba, kuma ana iya cire shi a wanke da ɗan sabulu a shanya a inuwa, sai dai yana kwasar ƙura lokacin hunturu, kuma hayaniyar waje tana ɗan shiga. Ni na yadi nake zaɓa. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne soson ya zama wanda ake cirewa a canza. In manne yake da gam, bar musu kayansu.

Za ka kuma ji ana cewa akwai mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Mai buɗaɗɗen baya yana da raga a waje, iska na wucewa, kunne ba ya dahuwa, sautin kuma yana da faɗi kamar kana zaune gaban masu kiɗan. Philips SHP9500 misali ne mai sauƙin kuɗi, Sennheiser HD 600 da ya fito tun 1997 shi ne dattijon wannan layi. Matsalar ita ce duk wanda ke kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin kabu-kabu da injin wutar maƙwabta da kukan yara. Kuma in kana ɗaukar murya da makirufo, sautin zai zubo ya shiga cikin abin da kake ɗauka. Tunda ka ce gyaran hira za ka yi, kuma na san gidajenmu ba su rasa jama'a, rufaffe ya fi dacewa da kai. Akwai na tsaka-tsaki kamar AKG K240 da Samson SR850, ba su da laifi ga mai ɗaki shi kaɗai.

Lambobin da ke jikin kwali kuwa, mafi yawansu ado ne. Za ka ga an rubuta 20 Hz zuwa 20 kHz, wannan iyakar jin kunnen ɗan Adam ce kawai, kowa na iya bugawa a kwali, ba ta gaya maka ko murya za ta fito tas. Lambar da ta shafe ka ita ce ta om, wato ma'aunin yadda kaske ke turje wa wutar da ke tura shi. Salula da ƙaramar kwamfuta ba su da ƙarfin tura kaske mai om da yawa, sai ka ƙure ƙarar amma sautin ya fito a raunane. Daga om 32 zuwa wajen 64 salula tana ɗauka lafiya. Beyerdynamic DT 770 Pro, na Jamus, ana yin sa da om 32 da 80 da 250, kuma a ido kusan ɗaya suke, don haka ka karanta da kyau. Na 80 da na 250 ne ke zuwa da soson yadi, na 32 da fatar roba yake zuwa. Na 80 kwamfuta tana iya tura shi, na 250 sai da akwatin sauti na situdiyo. HD 600 ɗin da na ambata om 300 ne, kada ma ka fara shi da Tecno.

In ka ce in kama suna, ga yadda na same su. Sony MDR-7506 yana kasuwa tun 1991, om 63, kuma har yanzu shi ne abokin ƴan rediyo da masu ɗaukar sautin fim a duniya. Yana fito da murya fili, duk wani tari ko shaƙar numfashi ko ƙarar takarda za ka ji, wanda shi ake so wajen gyara. Amma ramin sosonsa ba zurfi, fatar tana ɓarewa, igiyarsa mai naɗi ce mai nauyi kuma ba a cire ta. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, igiyarsa ana cirewa, yana naɗewa ya shiga jaka, sautin ƙasa ya fi na Sony cika, sai dai yana da zafi a kunne a yanayinmu. Ƙaninsa M40x ya fi araha kuma ni a wajen aikin murya ban ga abin da babban ya fi shi ba. DT 770 ya fi su duka daɗin zama a ka, ramin faɗi da zurfi, amma sautin samansa yana da kaifi, wasu yana gajiyar da su. Da ni ne kai, kuma aljihu ya yarda, DT 770 na om 80 zan ɗauka saboda yadin. In aljihu bai kai ba, M40x, in sayo soson yadi daban, da sanin cewa canza soso yana ɗan canza sautin.

To amma a nan gizo ke saƙa: jabu. Waɗannan sunaye da suka yi fice duk ana kwaikwayonsu, har kwalin. In ka ga an ce maka sabo ne dal kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da ake sayar da shi a shafin kamfanin ba, ka san me ke nan. Da ka sayi jabun babban suna gara ka sayi na gaskiya na ƙaramin kamfani. In kana da mai zuwa daga Faransa ko Dubai, ka sa ya saya a shagon kayan kiɗa, ya haɗo maka da soso na canji tun a tafiya ɗaya, domin samunsa a nan sai an sha yawo.

Ranar gwaji ka tafi da salularka da sautin da kunnenka ya sani sarai, ba wanda mai shago zai kunna maka ba, shi mai dukan ƙirji zai sa maka don ya burge ka. Kada kuma ka yi gwaji da saƙon murya na WhatsApp, an matse shi ya rasa rabin jikinsa. Ka sa muryar mai magana da Hausa, ka saurari wuraren “s” da “sh” da “ts”: in suna sukar kunne, bayan awa ɗaya kanka zai yi ciwo. Ka sa kiɗa mai kalangu ko ganga, ka ji ko kowane bugu yana fita daban ko duk sun cakuɗe sun zama gurnani sun rufe muryar mawaƙin. Ka tabbata dama da hagu ƙararsu ɗaya. Sannan ka kama igiyar daidai bakin filogi da daidai inda ta shiga kasken ka motsa ta, in ka ji ƙaras-ƙaras to ta riga ta fara tsinkewa a ciki. Wurin nan ne kaske ke mutuwa kusan kullum, shi ya sa mai igiyar cirewa ya fi kwanciyar hankali, ko da yake masu gyaran salula suna iya liƙa sabon filogi da dalma.

Filogin salula milimita 3.5 ne, na kayan situdiyo 6.35, kuma kasken kirki yakan zo da ɗan kan da ake ɗaurawa a mai da ƙarami babba. Ka adana shi, ɓacewa gare shi. Na situdiyo ba su da makirufo, zobe biyu za ka gani a filogin maimakon uku, in an kira ka sai ka yi magana ta makirufon salular. Tecno da Itel da Infinix akasarinsu har yanzu suna da ramin, amma in wata rana ka koma wadda ba ta da shi, kamar iPhone tun daga ta 7 a 2016, ƴar igiyar haɗi za ka saya, kuma ta USB-C ka nemi mai na'urar juya sauti a cikinta, domin marar ita ba kowace salula take aiki da ita ba. In kuma ka ji wani zuuu a kwamfuta, kafin ka zargi kasken cire caja ka ji, sau da yawa daga wutar ne, balle in da inji ake.

Kunnen kuma ka tausaya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a ƙarar desibel 80, kuma in ƙarar ta haura, lokacin raguwa yake da sauri. Mu masu montaj mun fi kowa faɗawa cikin wannan, kana bin wata ƴar ƙara sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. In ka cire kaske ka ji kunne na ƙugi, ka wuce iyaka. Ka riƙa cirewa duk bayan awa ɗaya, ka goge soson da ƙyalle, kunne ya sha iska. Kada ka bar shi cikin mota ko akwatin babur a rana, gam ɗinsa da robar ba sa jurewa. In sabo ne kuma yana matse kai, ɗora shi bisa jerin littattafai da suka ɗan fi kanka faɗi ya kwana, zai saki, amma a hankali, wanda bakan da ke bisa kansa na roba ne karyewa yake.

Ka faɗo mana nawa ka ware da kuma ko kana da akwatin sauti ko kai tsaye kake sawa a kwamfuta, sai in ce maka wanne cikin waɗanda na ambata ya dace da kai.