Kafin a koma makaranta, ki kai su su yi sallama

'Yata, naga saƙonki tun jiya da daddare, sai da na yi murmushi ni kaɗai a ɗaki, daga baya kuma abun ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri. Wai ko dole ne ki zaga da yara gidajen manya su yi sallama kafin a koma makaranta kamar yadda ake mana a da, ko addu'ar da fasto zai musu ranar Lahadi ta isa, sannan wai wata ƙawarki tace ki shafa wa jakunkunansu man zaitun. Jaka fa 'yata. To ni dai shafa mai a Littafi Mai Tsarki na san shi a wasiƙar Yakubu sura 5, inda akace mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su masa addu'a suna shafa masa mai, mutum ake shafawa. Amma bari in baki labari tukuna.

Ni shekarar da aka canja kuɗi, 1973, da naira da kwabo suka shigo aka bar fam da sule, a ita na tafi makarantar kwana ta 'yan mata a Gindiri. Kafin nan ban taɓa kwana wani wuri ba tare da Inna ba. Firamare kam babu wani shiri, a jera ku a ce ɗora hannu bisa kai ki taɓo kunne, in ya kai an ɗauke ki, in bai kai ba sai baɗi, a baki allo da alli shikenan. Amma ta kwana daban ce. Ana gobe zan tafi Inna ta tashe ni tun da safe tace in ɗaura zanen zuwa sujada, muka fita a ƙafa. Gidan kawu muka fara, sai gidan gwaggo, sai gidan mai bishara, sai maƙwabtanmu musulmi da muke ɗiban ruwa rijiya ɗaya, matar gidan ta ƙulla min ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma tace in riƙe mutuncin uwata. Ko'ina sai na durƙusa har ƙasa na faɗa da bakina cewa gobe zan tafi, Inna bata faɗa min, tsayawa take a baya tayi shiru. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ne cikin waɗanda suka fara zumuntar mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, a garinmu, idonta ya riga ya tafi. Tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da hannu. Tace matso, ta lalubo kaina ta dafa da hannu biyu, har yau ina jin nauyin hannun nan da ƙamshin hayaƙi a zanenta. Ta tambaye ni 'yar waye ni, alhali ta sani sarai, na faɗi sunan Baba, tace shi kuma ɗan waye, na faɗa. Tace to can inda za ki babu wanda ya san waɗannan sunaye sai ta wurinki. Tayi addu'a doguwa har gwiwata ta fara ciwo, ta kwance bakin zane ta ciro sule ɗaya na tsohon kuɗi, ita ko sunan sabon bata iya faɗa ba, tace in kin dawo hutu ki zo ki karanta min Zabura da kanki. Da daddare Inna ta zauna gaban fitila tana ɗinka sunana da jan zare a wuyan yunifom, ita da karatunta bai wuce Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi ba, harafi ɗaya ɗaya take kwaikwaya daga takardar da Baba ya rubuta mata. Da asuba Baba ya karanta Zabura 121, wurin da akace Ubangiji zai kiyaye fitarka da shigarka, aka ɗora min akwatin ƙarfe da garin kwaki a ciki, muka nufi bakin hanya jiran motar Mangu, garin da ke kusa da Gindiri.

Sati na uku kewar gida ta kama ni, kullum kuka cikin bargo, lissafi ya ƙi shiga, na gama shirya yadda zan gudu. Abun da ya riƙe ni ba tsoron bulala bane. Na tuna in na koma sai na bi ta ƙofar gidajen nan duka, kuma tsohuwar nan zata ji takuna tace har an yi hutun? Me zan ce mata, ga sulenta a ƙasan akwati. Na zauna. Hutun farko na je na karanta mata Zaburar, tana ta gyaɗa kai.

Inna takan ce ɗa na kowa ne, kuma zumunci a ƙafa yake. Baba shi nasa kullum icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ya buɗe Misalai 22 aya 6, wanda ku yanzu kuke kira Karin Magana. Ko da aka buɗe UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka cika azuzuwa har gindin bishiya, iyaye basu bar wannan zagayen ba.

Yanzu kuwa ina kallonku, kuma ba ke kaɗai ba har nawa 'ya'yan. A ci bashi a sayi jaka da takalmi da kwalbar ruwa mai hoto, a tsayar da yaro a ƙofa a ɗauke shi a waya a sa a status, mutum ɗari su rubuta amin, amma babu ko ɗaya da ya dafa kansa. Yaro na riƙe da waya har sha ɗayan dare duk hutu, ranar Litinin a fizgo shi daga barci da faɗa, a tura masa biskit a mota. Sannan rigimar kuɗin makaranta da maigida a gabansu, wannan tana min ciwo ƙwarai, yaro ya shiga aji yana jin shi kaya ne a wuyanku. Ku shiga ɗaki ku yi lissafinku. Tun saura sati ki fara kwantar da su da wuri, ki tashi ki dama musu kunu ko koko da ƙosai su sha da zafi, kuma satin farko ki je da ƙafarki ki gaida malaminsu ya san fuskarki tun ba a yi laifi ba. In sun dawo kar ki fara da nawa ka ci, ki tambayi da wa ya zauna, wa ya masa magana.

Na san za ki ce Abuja ba ƙauye bane, dangi sun yi nisa, kuɗin mota ma abun dubawa ne. Gaskiyarki. Addu'ar fasto kuma bana raina ta ko kaɗan, ku je. Amma a ikilisiyarku babu tsofaffin zumuntar mata ne? Ko biyu ki zaɓa, ki kai su gida ranar Asabar, ki tsaya a baya ki bar su suyi magana da kansu. Ni kuma ki kira ni daren Lahadi kafin su kwanta, ki ba babban wayar tukuna, ina da tambayar da zan masa. Ƙuli-ƙulinsu na riga na soya, ina neman mai zuwa wajenku.