Tambaya da Amsa: Motar tafi-da-gidanka a gonakin Iowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Chicago da iyalina, mu biyar. Muna so mu ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki, wadda a nan ake kira RV, mu ratsa gonakin Iowa zuwa Omaha a watan Oktoba. Me ya kamata mu kiyaye, kuma a ina ake kwana? Daga mai karatu a Amurka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsakaiciya, wadda suke kira Class C, ta ishe ku, kuma lasisinka na ƙaramar mota ya wadatar. Sai dai tana shan mai: galan ɗaya mil 8 zuwa 10 yake kai ta. Daga Chicago zuwa Omaha kusan mil 470 ne, akasari a kan babbar hanyar I-80, ka ga zuwa kaɗai ya cinye galan 50.

Kafin ka tayar, tambayi tsayinta, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Yawanci ƙafa 11 zuwa 12 ne. Direba ya saba da ƙaramar mota, ya manta akwai na'urar sanyaya ɗaki a kan rufi, sai rumfar gidan mai ko wata gajeriyar gada ta tuna masa. Bayanta kuma yana da tsawo, idan ka yi kwana gaba ya wuce, baya ya share abin da ke gefe.

Oktoba kaka ce a Iowa, ana girbin masara da waken soya. Za ka tarar da taraktoci da injinan girbi a ƙananan hanyoyi, da alama mai kusurwa uku ruwan lemo a bayansu, ma'ana ba sa wuce mil 35 a awa. Kada ka yi gaggawar wuce su. Sau da yawa tarakta takan ja dama ne don ta sami filin karyawa hagu ta shiga gona. Idan ka ga allon "Level B", juya. Hanyar ƙasa ce, ruwan sama kaɗan ya mai da ita caɓi, mota mai nauyi kuwa nutsewa take yi.

Batun ruwa: tanki uku ne, na ruwa mai tsabta, na wanke-wanke, da na bayan gida. Mutum biyar kan cika biyun ƙarshe cikin kwana biyu zuwa uku. A wurin zubarwa, fara buɗe na bayan gida, sannan na wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyo. Daren da sanyi zai kai ga ƙanƙara, cire tiyon ruwa na waje, ka bar hita a kunne, in ba haka ba bututu ya fashe. Kashe gas kafin shan mai, kada kuma a yi barci janareta na aiki.

Wurin kwana, sansanin irin waɗannan motoci da ke da wurin jona lantarki mai ƙarfin amfiya 30 ya fi kwanciyar hankali. Akwai tsarin Harvest Hosts, inda mamba ke kwana ɗaya a gona, ya sayi wani abu daga manomin. Wuraren hutawa na gefen hanya kowace jiha da dokarta, ka karanta allon. A Walcott akwai Iowa 80, tashar manyan motoci da aka buɗe a 1964, da mai da abinci da wurin wanka. Idan kun kai Iowa City, ku ɗan ratse arewa zuwa Cedar Rapids ku ga tsohon masallacin da aka gina a 1934.